Faifan da Ba Ya Kai Ƙarshe

Ruwa ya ɗauke a Jimeta, zafin kaka ya sauka. Wanda bai zauna garin nan ba ba zai gane zafin da nake nufi ba. Na bazara ƙona mutum yake yi ya bar shi a bushe, wannan kuwa jiƙa ka yake yi, ka fito daga wanka kana neman wani wankan. Kogin Binuwai ya cika ya batse, sauro ya samu gari, 'yan talla na yawo da sabuwar gyaɗa dafaffiya. Ni dai da na ji ƙanshin gyaɗar nan sai in tuna baya, don a irin wannan lokacin ne, shekarar da Mubi ta faɗa hannun mutanen daji, gidanmu ya cika da 'yan gudun hijira, cikinsu har da yayana, Hamma Buba.

Maigidana, Baban Ummi, gidan kallo gare shi a nan unguwar Ajiya, jikin katangarmu. Rumfar kwano ce mai ƙofa ɗaya, da bencina, da babbar talabijin, da wasu baƙaƙen sifiku guda biyu da na tsana kamar me. In ana ƙwallo, ihun ƙartai har cikin tukunyata. Ranar da babu wasa sai ya sa musu fim, yana da faya-fayai cike da kwalin taliya. Shekarar nan, tun da bam ya tashi a wani wurin kallo can arewa da mu, aka hana taruwa, ya rufe rumfar ya zauna yana zuba tagumi. Ban taya shi baƙin ciki ba, na ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, kunnena ya huta. Ashe rumfar aiki ne ke jiran ta.

Mutane suka fara shigowa ta gadar Girei, wasu a bayan tifa, wasu a ƙafa. Na farko 'yan uwa ne, sai 'yan uwan 'yan uwa, sai waɗanda kawai suka ga ƙofa a buɗe. Aka jingine bencina, aka shimfiɗa tabarmi da kwalaye, aka raba rumfar da zannuwa, maza nan mata can. Ba wanda ya tambayi wani inda yake fuskanta in zai yi addu'a. Akwai Malam Yohanna, malamin firamare daga Michika, shi da matarsa da surukarsa. Dogo ne siriri, ya tsere da tabarau ɗinsa da biro a aljihu, bai tsira da takalmi ba.

Hamma ya iso daga baya, shi kaɗai. Wani direba da ya san mu ne ya gane shi a bakin hanya ya kawo mana. Ƙafafunsa sun kumbura sun fashe, rigarsa ta manne da jiki. Na tambaye shi matarsa, na tambaye shi yaransa maza biyu, ya kalli bango. Na yi masa Fulatanci, na yi masa Hausa, na kira shi da sunan da Dada, mahaifiyarmu, take kiransa, ko ƙifta ido bai yi ba. Wannan fa mutumin da in ya fara labari sai tuwo ya huce a gabansa. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi yake ɗora ni a kan rumfar tsaron gona ina kallo yana korar tsuntsaye da majajjawa, kuma ban taɓa ganin ya yi jifa ya kuskure ba.

Abu biyu suka hana ni barci a kansa. Na ɗaya, ba ya ci. In na ajiye kwano haka zan dawo in same shi, ƙudaje sun yi biki. Na biyu, ƙofa. A kwanakin nan garin ya tsorata da kansa, ko'ina shinge, samari da sanduna a bakin kowane layi, baƙon da aka tambaya wane ne kai bai amsa ba ya shiga uku. Mutumin da ba ya magana, gemu buzu-buzu, ba katin komai a jikinsa, in ya fita shi kaɗai ba zai dawo ba. Na ja kunnen kowa a gidan, na ce duk wanda ya ga Hamma ya nufi waje ya riƙe shi ko da rigarsa za ta yage.

Rana tana fara mana ne tun kafin ta fito. Mata su ɗauki bokitai su bi layin bohol, don masu kurar ruwa sun daina shigowa layinmu, sun ce ba ma cika musu kuɗinsu. Ni da matar Malam Yohanna mu hura wuta. Itace ya yi wuya, har bencin da ya karye sai da muka ƙona, Baban Ummi ya kau da kai ya yi kamar bai gani ba. Da safe kunu ne, wanda a da nake damawa da gyaɗa da tsamiya ya yi kauri cokali ya tsaya, ya koma ruwa-ruwa kana ganin gindin kofi. Da yamma tuwon masara da miyar tasba ko kuka, in an samu daddawa an gode. Masallacin layi ya aiko da buhu, matan coci suka zo da nasu, muka zuba a randa ɗaya. Masu ƙarfi kan tafi ƙauyen Mbamba gonar Bappana, ƙanen mahaifinmu, su taya cirar gyaɗa, a sallame su da abin da za su iya ɗaukowa a ka. Suna dawowa ba sa magana, don nasu amfanin yana can tsaye a gona ba mai girbewa, kuma kowa ya ce bai taɓa ganin damina ta yi kyau kamar ta shekarar ba.

Abin da ya fi yunwa wahala shi ne tsakar rana. Kwano ya ɗau zafi, ba iska, ba aikin yi, mutum ya zauna da abin da ya gani. Yara su yi ta kuka da ƙuraje a wuya, manya su fara faɗa a kan tabarma. Nan ne Baban Ummi ya ce zai riƙa tayar da janareta bayan azahar, in an samu ɗan mai, a sa fim ko hankali ya ɗauku. Ranar farko ya sa na Indiya, ana cikin rawa sai ga wani da bindiga. Harbi ɗaya aka yi, surukar Malam Yohanna ta kifa ƙasa ta rufe kai da zane, yara suka yi fitsari a tsaye. Ya kashe da sauri yana ba da haƙuri.

Daga nan ya ɗauki sabon aiki. Ya zauna a ɗaki da ƙaramar talabijin, murya ƙasa-ƙasa, yana bin faya-fayan nan ɗaya bayan ɗaya tun daga farko har ƙarshe, duk wanda ya ji ƙara a ciki ya jefa gefe. Sai a lokacin muka san abin da muke sayar wa mutane shekara da shekaru. Na yaƙi, na 'yan fashi, na Sin masu tsalle, har na soyayya ma sai an harbe wani kafin a yi aure. Ya ce to bari ya gwada na wasanni. Na dambe jini ya yi yawa. Na tsere ya yi kyau har ya fara murna, sai ga alƙalin ya ɗaga 'yar bindiga sama don a tashi gudu. Na ƙwallon ƙafa ɗaya ne, shi ma 'yan kallo suka ƙona motoci a tsakiya. Kwalin taliya guda, abin da ya tsira faifai ɗaya ne, wanda ba a taɓa nema ba tun da aka saye shi cikin gwanjo.

Wani wasan Turawan Amurka ne da ba mu taɓa gani ba. Ɗaya ya jefa ƙwallo ƙarama, ɗaya ya doke ta da kulki ya yar ya zura da gudu, sauran suna tsaye a fili da wata ƙatuwar safar hannu kamar masu jiran sadaka. Malam Yohanna ya ce sunansa besbol, mu dai ƙwallon kulki muka ce. Labarin wani tsohon mai jifa ne da kafaɗarsa ta lalace, aka manta da shi, sai ƙungiyar garinsu da ba ta taɓa cin komai ba ta je ta lallaso shi. Ba harbi, ba gawa, sai ciyawa kore shar da mutane masu ƙoshi suna tofar da yawu. Aibinsa ɗaya, bayan faifan ya karce. Ana kaiwa jifan ƙarshe na wasan ƙarshe, tsohon ya ɗaga ƙafa ya saki ƙwallo, sai hoton ya daskare ya farfashe, na'urar ta yi ta ƙugi. Baban Ummi ya ce ba komai, abin da ke gaban nan ai bai wuce tafi ba.

Malam Yohanna ya naɗa kansa tafinta. Ya tsaya gefen talabijin da biro yana nuni, yana bayanin dokokin wasan da gadara, kuma kullum dokokin sai sun canza. Jiya wanda ya kama ƙwallo a sama shi ya ci, yau kuma an kore shi. Wani tsohon mahauci daga Mubi ya ce, "Malam, ka faɗi gaskiya, kai ma yau ka fara gani." Ya gyara tabarau ya ce ya karanta a kwaleji, littafin ne ba hoto. Ranar aka yi dariya a rumfar nan, ta farko tun zuwansu, har ni da nake bakin murhu sai da na leƙo.

Leƙowar nan ce ta sa na ga Hamma. Yana zaune inda muke ajiye shi, jikin ginshiƙi, amma idonsa ya bar bango ya koma kan talabijin. Duk sa'ad da tsohon ya ɗaga hannu zai yi jifa, sai yatsun Hamma na dama su motsa a kan gwiwarsa. Na koma da sauri na ɗebo kunu, na durƙusa a gabansa na ba talabijin baya, na kai kofin bakinsa. Ya haɗiya. Bai san ma ya sha ba. Na ƙara, ya ƙara. Hawaye na zuba mini ina tsoron in share kar motsin ya dawo da shi.

Haka muka samu hanya. Kullum bayan azahar fim ɗaya, kullum ni a durƙushe ina kallon maƙogwaronsa. Har yau ban san fuskar tsohon nan sosai ba, ta sauti na haddace fim ɗin da kuma ta fuskar yayana. Na san in aka fara wani kiɗa mai sanyi zai buɗe baki, na san in kulki ya doki ƙwallo zai ɗan zabura, sai in jira. In hoto ya daskare shi ma ya rufe baki, abin da ya shiga ya shiga sai gobe. Ranar da ba mai kuwa ba ci. Na sha faɗa da Baban Ummi a kan haka, na ce ya tsiyaye na babur ɗinsa ya taka da ƙafa, ai ba ciwo yake ba. Ya tsiyaye ɗin.

A hankali kumburin ƙafa ya sauka. Daga kunu muka kai ga tuwo mai laushi, har wata rana ya karɓi kofin da hannunsa. Sannan ranar wata Laraba, hoto ya daskare kamar kullum, mutane na ta tsaki suna miƙewa, sai na ji murya a saman kaina, a dishe kamar ƙofar da ta daɗe a rufe.

"Ya saki da wuri."

Na ce, "Hamma, me ka ce?" Bai ƙara ba, idonsa na kan ƙwallon da ke rataye a iska. Amma kowa ya ji. Matar Malam Yohanna ta rungume ni muna kuka, mahauci ya ce wallahi mutumin nan ya san jifa. Ni kuwa har na fara tsara yadda zan kai shi wanzami a rage masa gemu, in ɗinka masa riga, in ya ƙara warwarewa in tambaye shi a hankali inda zan nemi yaransa.

Dama ƙarshen fim ɗin ya daɗe yana cin ran mutane. An rabu gida biyu, masu cewa tsoho ya ci da masu cewa kafaɗar ta ba shi kunya, har mata a layin bohol suna musu a kai. Bayan maganar Hamma sai Malam Yohanna ya same ni bakin murhu. Ya ce da Hausarsa ta Michika, "Adda, ka ga yanzu yana so ya sani ko jifan ya yi. In ya ga ƙarshe, bakinsa zai buɗe gaba ɗaya. Ka bari in gwada gyara." Ya ce ɗalibansa sun taɓa nuna masa ana goge faifai da man goge baki. Ya yi kwanaki a kai, ya shafa, ya murza da gefen singiletinsa, ya ɗaga a rana ya duba, ya sake. Muna ta yi masa tsiya, mahauci ya ce faifan nan ya fi mu duka tsabtar baki. Ba wanda ya yi zaton zai yi aiki, kuma ba wanda ya ce a fara dubawa a ɗaki, don a wurinmu wannan fim an riga an tace shi.

Ranar Juma'a ce bayan an sauko daga masallaci. Zafi ya kai inda ya kai, sama ta yi fari fat, ko ganye ba ya motsi. Labari ya zaga cewa yau Malam zai gwada, har maƙwabta suka shigo, rumfa ta cika ana numfashi da ƙyar. Na baya suka ce ba sa ji, sai aka jawo baƙaƙen sifikun nan aka haɗa, aka ƙure murya kamar zamanin ƙwallo. Na durƙusa a wurina da kunun gyaɗa na gaske, mai kauri, don an kawo gyaɗa daga Mbamba. Hamma ya karɓa da kansa yana kurɓa. Aka zo wurin, na ji kowa ya ɗauke numfashi, na'urar ta ɗan yi ƙugi, sai ta wuce. Na ga idon Hamma ya buɗe, leɓensa ya fara motsi. Sai ƙara ta fashe a bayana.

Ba ɗaya ba, ba biyu ba, a jere, dum, dum, da tatata a tsakani, kwanon rumfar yana amsawa. Ni da na san a gidana nake sai da na kifa. Ƙofa ɗaya ce. Mutanen da suka yi kwanaki suna gudu a duwatsu jikinsu bai jira shawara ba, aka tattake juna, zannuwan tsakiya suka faɗo, wata ta karye a hannu, surukar Malam ta suma. Baban Ummi ya tsallake mutane ya fizge waya. Da ƙarar ta mutu sai kukan yara. Na ɗago na ga kofi a kife jikin ginshiƙi, kunu na bin ƙasa, Hamma ba ya nan.

Mun nema. Layi-layi muka bi, ni ba mayafi ma, ina tambayar duk mai shago. Wani ya ce ya ga mutum ba takalmi ya yi hanyar kasuwa da gudu, wani ya ce hanyar kogi. Kusa da gada wata mai soya kifi ta ce samarin shinge sun tare wani mai gemu, suna ta tambayarsa bai ce komai ba, sai ƙoƙarin ƙwacewa yake, aka taru, daga baya mota ta zo aka sa shi a baya. Ba ta san motar su wa ba, ko ta sani ta ƙi faɗa, ban ga laifinta ba. Samarin kuwa suka ce su ba su ga kowa ba. Baban Ummi da Malam Yohanna suka shiga duk inda ake tsare mutane da duk inda ake ajiye gawa, a Jimeta da Yola har Girei. Ko'ina tambaya ɗaya ake musu, me ya ce sunansa. Malam ya fi kowa daɗewa yana nema, har bayan hanya ta buɗe mutane sun fara komawa, yana yawo da silifas ɗin Baban Ummi da suka yi masa kaɗan. Na yi fushi da shi, ba zan ɓoye ba, na yi wata ban amsa gaisuwarsa ba. Daga baya na gaji, don fushin bai san inda zai zauna ba.

Yanzu rumfar ta zama shagon cajin waya. Ba mai zuwa gidan kallo, kowa da fim ɗinsa a tafin hannu, 'yata Ummi ma ta ce in na tuna sunan za ta nemo mini shi yanzun nan. Na ce ban taɓa sanin sunansa ba, kuma gaskiya na faɗa. Shingayen sun tashi, gyaɗa ta wadata, kununa ya koma kaurinsa. Na Hamma dai shiru, shi da matarsa da yaran.

Malam Yohanna ya koma Michika ya gyara gidansa, ya yi ritaya. Kowace kaka sai ya hau mota ya kawo mini buhun gyaɗar gonarsa, ya zauna a zaure ya sha ruwa, mu yi zancen amfanin gona da ciwon gwiwa, ba ma taɓa wancan zancen. Shekaranjiya ya zo, kansa ya yi fari, zufa ta jiƙa masa riga. Na kawo masa kunu. Ban san abin da ya taɓa ni ba, na ji bakina ya ce, Malam, kai da kake tsaye gefen talabijin ranar nan, me ka gani? Don ni bayana na ba ta, kuma Baban Ummi ya farfasa faifan tun a daren.

Ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa da bakin riga.

"Jifan ya yi, Adda. Bai saki da wuri ba. Mai kulki ya kai duka ya kuskure, garinsu ya ci." Ya ajiye kofin a ƙasa a hankali. "Ƙaran da ka ji, wutan biki ne suka harba sama, irin nokawut na Kirsimeti, manya. Ja da kore. Murna suke yi."

Na ce to. Na ɗauki kofinsa na ga bai sha rabi ba, na tsaya a kansa har sai da ya shanye.